Miyar Zaure da Miyar Ɗaki

A unguwarmu a Tambuwal, maza ba sa cin tuwon dare a cikin gida. Da an sallame magariba kowane magidanci zai fito da kwanonsa, a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan wani dattijo maƙwabcinmu, a jera kwanukan, a buɗe su ɗaya bayan ɗaya a ci tare. Ciyayya ke nan. Tun ina amarya na tarar da ita, kuma tun a lokacin na gane cewa kwanon da ya fita ba tuwo kawai yake ɗauke da shi ba, har da labarin gidan da ya fito. Namijin da aka daina ganin kwanonsa, ba sai an yi shela ba, kowa ya san gidansa ya gaza.

Maigidana malamin firamare ne, ba mai yawan magana ba, ga kunya kamar sabon suruki. Albashinsa dama ba ya kai mu ƙarshen wata sai da dabara. Da kayan masarufi suka tashi, abin da yake miƙo mini na cefane bai canza ba, amma abin da nake samowa da shi ya koma kamar na wasan yara. Bai taɓa yi mini ƙorafi ba, ni ma ban yi masa ba. Sai dai in ya miƙo kuɗin yakan kau da kai, ni kuwa wannan kau da kan ya fi rashin kuɗin ci mini rai.

Ni 'yar Kebbe ce, kuma uwata ba ta haifi raguwa ba. Na daina sayen kayan miya na kullum a hannun masu talla. Ranar kasuwa nake jira, in bari sai la'asar ta yi sanyi, lokacin da masu tumatir da tattasai ke neman rabuwa da ragowar kaya don kada su koma da su ƙauye. In kwaso, in yanka, in shanya a kan rufin kwano, in tara kauɗa a tulu. Gero da dawa a kaka nake matsa masa ya saya, ko da zai bar ɗinkin Salla. Ƙanzo ban zubar ba, jiƙa shi nake in kwaɗa da ƙuli-ƙuli ya zama kalacin safe. Na shuka zogale da rama a bayan ɗaki, ina ba su ruwan wanke-wanke. Innata kuma, duk wanda zai taho daga Kebbe sai ta ɗora masa ƙulli: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, wani lokaci da ɗan bandar kifi a naɗe cikin takarda.

Duk da haka manja da kifi ba sa isar mu duka. To, sai na raba tukunya. In miya ta nuna, in ɗebi wadda za ta fita zaure a ƙaramar tukunya, in zuba mata ɗan manjan da ke akwai, in marmasa kifi a ciki, in jefa dunƙule guda. Wadda ta rage, tamu da yara, kuka ce da daddawa da gishiri da garin ƙuli, in ƙara ruwa ta yalwata. Tuwon girma miyarsa nama, in babu nama ai a sami abin da zai yi maiƙo a hannu. Ban gaya masa ba, don na san halinsa. Yaran kuwa na ce musu miyar Baba ta magani ce, suka yarda, ko kuma suka ga yarda ta fi sauƙi.

Kada wani ya ce mini zalunci na yi wa 'ya'yana. Ba su taɓa kwana da yunwa ba. Ni na san yadda yake dawowa daga wurin ciyayyar nan, fuska a sake, yana ba ni labarin wanda aka tsokana da wanda ya rama. A nan kaɗai nake ganin ya manta da albashi. Na ƙudurta a raina ko da tsinke zan tallafe tabarmar nan, ba zai tashi daga kanta ba.

Ranar da asiri ya tonu, damina ce. Na gama kwashe tuwo ke nan hadari ya taso daga gabas da iska mai ƙarfi. Na shiga kwashe shanya, ina jan itace zuwa rumfa kada ya jiƙe, na tura kwanukan duka cikin ɗaki ba tare da na ware na waje a kan faifai kamar yadda na saba ba. Kwanukan miyar iri ɗaya ne, cikin kayan aurena suka zo. Shi kuma da ya dawo daga masallaci ya ga hannuna a cike, sai tausayi ya kama shi, ya ɗauki tuwo da miya da kansa ya ruga zauren dattijon, inda suke komawa in ana ruwa.

Sai da na zaunar da yara na buɗe murfi, na ga manja yana kallona. Ashe miyar ɗaki ya ɗauka ya kai zaure. Mace ba ta bin kwano zaure cikin maza, kuma kwanon da aka ajiye a tabarma ba a aiko a ce a dawo da shi. Yaran suka zuba wa kifin ido. Na ce su ci, me ya rage? Suka cinye har da suɗe kwano, ni kuwa ko loma ban iya kaiwa baki ba.

Da ruwa ya tsagaita ya shigo, ya ajiye kwanukan a bakin ƙofa. Babu sauran komai a ciki. Ya daɗe yana goge ƙafa a buhun da ke shimfiɗe, sa'an nan ya ce, “Wagga miya, ita ɗiyana ka ci?”

Na ce ita ce.

“Tun yaushe?”

Na ce tun bayan ƙaramar Salla. Ban sunkuyar da kai ba, don ban ga abin kunya a ciki ba. Na zaci faɗa zai yi, har na shirya amsoshina. Sai ya zauna a bakin gado ya ce daga gobe ya bar fita ciyayya, ba a kai wa dawa gida bai ƙoshi ba.

Nan raina ya ɓaci. Na ce masa wata da watanni ina ƙona fuskata a murhu biyu don kada a rasa kwanonsa a waje, shi ne zai zubar mini da wahala a dare ɗaya? Na ce in ya zauna a gida, gobe matan unguwa za su fara yi mini sannu da murya ƙasa-ƙasa, kuma na fi son zagi da irin wannan sannun. Har kuka na yi, na haushi. Ya bar ni na gama, muka kwana kowa da nasa tunanin.

Washegari da zai tafi makaranta ya tsaya a tsakar gida ya ce, “Ina hita. Amma tukunya guda. Abin da ɗiyana sunka ci, shi za ni kaiwa.”

Haka aka yi. Na juye ɗan manjan da kifin cikin babbar tukunya, suka ɓace kamar ba a sa ba. Da magariba ya ɗauki kwanonsa ya fita, na bi bayansa da kallo har ya sha kwana. Ban taɓa jin tsawon cin tuwo irin na ranar ba. Ya dawo da kwano wayam, ya ce an ci, ba wanda ya ce komai, sai dattijon da ya ƙara loma ya tambayi ko daddawar Kebbe ce.

Bayan kwana kaɗan matar dattijon, wadda duk muke kira Gwaggo, ta shigo mini da hantsi wai ta zo aron rariya. Ta zauna a kan turmi, ta yi ta zagaye-zagaye, can ta ce tun da tsohon nata ya ɗanɗana miyar ɗakinmu ya gane, ya hana ta raba tukunya. Na ce ashe ita ma tana rabawa? Ta yi dariya har da tafa hannu.

“Ɗiyata, wa ab ba ya rabawa? Dut unguwag ga miyar zaure daban ta. Mu munka san abinmu, mazan ɗai na ba su sani ba.”

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ashe kowace tana can tana tara nata ruwan a ɓoye, muna gasar maiƙo da junanmu a kan tabarmar da ko zama ba ma yi. Daga baya ni da Gwaggo da wasu mata biyu muka riƙa haɗa hannu muna sayen kwandon tumatir da jarkar manja mu raba, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ciyayya tana nan har yau, kwanonsa bai taɓa fashi ba, sai dai miyar kowa ta yi haske.

Abin da ban gaya masa ba shi ne abin da ya faru a daren farko na tukunya guda, bayan ya fita. Autata, lokacin ba ta shiga makaranta ba, tana cikin cin tuwo sai ta tsaya. Ta tsamo ɗan guntun kifi daga miya, bai kai kan yatsa ba, ta taso da shi a tafin hannu tana tafiya a hankali kada ya faɗi, ta miƙo mini.

“Inna, na Baba ya faɗo cikin namu.”

Na ce nata ne, ta ci. Ta tsaya tana dubana, ba ta kai baki ba sai da na sake faɗa.