Tsakiya Ɗaya a Igiyar Inna

A shekarun da aka dawo mulkin farar hula ina zaune a Rano, rumfata ta koli kuma tana kasuwar Kibiya. Zobe, carbi, duwatsun wuya. Amma da tsakiya aka fi sanina, dutsen nan mai ratsi-ratsi da mata ke jerawa a wuya. Daga Kano nake saro ta, dusasshiya mai kaushi. Sai in zuba a gwangwanin fenti da yashi da ruwa, in ɗaura a jikin injin niƙan maƙwabcina, ta yi kwanaki tana juyi har ta yi santsi. Wadda za ta sha rini da harshe ake gane ta: ka lasa, in ta ɗan kama, to mai ƙishirwa ce. Galura ta mai gaggawa ce. Mai haƙuri ya jiƙa a ruwan zuma mako uku, ya binne a toka mai zafi, ta fito ruwan ƙasa. Tun kafin a fara wa'azin algus a kasuwanni nake gaya wa mai saye cewa rinanniya ce, don ina son ya dawo.

Wata ranar kasuwa, wata tsohuwar Bafulatana daga rugar da ke bayan Durba ta sauke ƙwaryar nononta a gaban rumfa, ta kwance bakin zane. Igiyar tsakiya ce, launin dabino, da giɓi a jeren. Wadda ta fashe tana gefe, ɓari biyu.

"Kaɗo, an ce kai ne marinin duwatsu."

"Ni ne, Inna. Shanu ne kawai ban fara rinawa ba."

"Su sun fi ƙarfinka."

Igiyar ta kakarta ce. Autarta za ta bi miji kudu da shanu da zarar an gama girbi, kuma ba ta son ta ba ta igiya da giɓi. Ta bar min ɓari ɗaya, na ce ta ba ni mako uku.

Ta galura na fara kai mata. Ta ɗaga a rana, ta ce, "Wannan ai goro ka tofa mata." Ta zumar da na fi sa rai da ita ta yi duhu, amma kusa da na igiyar sai ta zama kamar baƙuwa, ƙyalli ba zurfi. Lokacin har an fara yankan dawa.

Da hantsi wata rana na zauna da ɓarin nan na dube shi sosai. Bayansa duhu, cikinsa fari sol, launin ya shiga kamar kaurin farce ya tsaya. Na ɗora shi a gefen garwashi. Da ya ɗumama ya yi gumi, wani wari da na sani ya taso. Man shanu. Babu marinin da ya taɓa duwatsun nan. Mata uku ne, kakarta da uwarta da ita, suka yi ta shafa mai a wuya, dutse yana sha.

Ranar kasuwa na gaya mata gaskiya.

"Inna, wannan rinin ba ni da shi. Naku ne. Ku kuka yi shi da wuyanku, shekara da shekaru."

Na shimfiɗa ƙyalle, na ajiye ta zuma a dama, na ajiye farare guda biyar a hagu.

"Ta zuma daga nesa ba mai ganewa. Farar kuwa kowa zai gani, amma za ta sha mai kamar sauran. Sai dai ba bana ba, ba baɗi ba."

"Ni zan ga ranar?"

"Allah ne masani, Inna."

Ta daɗe tana juya su da yatsa. Sannan ta ɗauki farar da ta fi kama da na igiyar a girma, ta buɗe ƙaramar ƙwaryar manta, ta lakato, ta murza mata har ta yi sheƙi.

"Zura min ita. Na fara mata, autata sai ta ƙarasa."

Na zura a sabon zare mai ƙwari, na ƙulle. Ta ɗaura a wuyanta, ta ce sauran kwanakin nan ita za ta riƙa sawa, ko dutsen ya ɗan san jikinta kafin a tafi. Na ɗora mata ƙwarya a ka, ta nufi layin masu fura.