Hoton da Ya Ɗauki Mayafi Ya Bar Fuska

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Ana yaye ni aka miƙa ni ga goggona a wata unguwa cikin birnin Sakkwato, can na girma. Inna, wadda ta haife ni, ba ta taɓa kiran sunana ba har ta koma ga Allah. In tana son a ba ni tuwo sai ta ce wa autarmu, "Kai ma wancan." In na zo gaisuwa na durƙusa a bakin ɗaki, sai ta juya ta fuskanci bango, ko ta jawo faifai ta kama tsintar shinkafa, ta amsa a taƙaice. Ni ma kaina a ƙasa yake, haka aka koya mini. Na san muryarta, na san tarinta, na san lallen hannunta da kaushin dugaduginta. Fuskarta kuwa sai dai a sace, ta gefe, kafin ta ja mayafi.

Mutane suna yaba wannan kunya, suna cewa ado ce. Ban musa ba. Amma ni aka yi wa ita, kuma wallahi ta daɗe tana cin raina.

Lokacin da kuɗin mai suka malalo ƙasar nan ina ƙaramin akawu a wata ma'aikata. Soja ke mulki, ko'ina ka duba gini ake yi, motocin siminti daga Kalambaina ba sa hutawa. Sai aka yi mana ƙarin albashi har da ariyas, wato cikon kuɗin watannin baya. Ofis ya rikice. Wannan ya sayi babur, wancan rediyo mai kaset, wani ya ɗauko firji ya kai unguwar da ko turken lantarki babu. Ni kyamara na saya, wurin wani ɗan kasuwa a Sabon Gari, baƙa mai jakar fata, da wata allura a ciki mai auna haske. Abokan aiki suka yi ta yi mini tsiya, wai na sayi abin da ba a hawa, ba a saurare, ba ya sanyaya ruwa. Na bar su da bakinsu. Na san abin da nake nema, ko da yake ban gaya wa kowa ba: hoton Inna nake so, in ajiye a ɗakina in dube ta son raina.

Kafin nan sai da na koyi hannu. Na ɗauki raƙuma a kasuwa, na ɗauki masu jima, na ɗauki masunta a bakin gulbi, na ɗauki kowane abokin aiki jingine da baburinsa, su da suka gama zagina. Fim mai baƙi da fari a Sabon Gari ake wanke shi. Mai launi kuwa sai an aika Kaduna, ka ba direba, ka zauna jira har ka manta abin da ka ɗauka. Ga shi fim ɗin ƙidaye yake, in ka danna ka danna ke nan, ba ka ganin abin da ka yi sai bayan an wanke. Na ɓata da yawa kafin in gane kan abin.

Ranar da na fara shiga gidanmu da kyamarar, Inna tana tankaɗe a tsakar gida. Ina ɗaga kyamara ta ja mayafi har haɓa ta ce wa Auta, "Mi na na wancan ya riƙo?" Auta ta ce abin hoto ne. Ta ce, "Ce mai shi kai shi waje." Shi ke nan, na kai shi waje.

Na sake gwadawa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Na laɓe bayan rumbu kamar ɓarawon kaji, ni da gemuna, ma'aikacin gwamnati. Ban san yadda take yi ba, amma tana jin motsina ta juya. Ina da hoton bayanta tana alwala. Ina da hoton hannunta da ludayi. Ina da wani da na ɗauka cikin ɗaki, duhu ya yi yawa, ta kuma motsa, sai ya fito kamar hayaƙi. Mai wankin hoto ya taɓa tambayata ko wace ce wannan matar da kullum take ba ni baya. Na ce masa ya wanke abin da aka ba shi.

Wadda ta kawo mafita maƙwabciyata ce a gidan haya, malamar firamare, Kirista daga kudancin Zariya, mijinta kuma makaniki ne a kamfanin siminti. Malama muke ce mata. Ta saba da gidanmu, Inna tana sonta, har daddawa take aika mata. Da na yi mata ƙorafi sai ta yi dariya ta ce, "Malam, ai kai take jin kunya, ba ƙarfen nan ba. Koya mini inda ake dannawa." Na ji haushin kaina da ban yi wannan tunani tuntuni ba. Malama da Auta suka yi ta lallashin Inna, har ta ce to, sau guda, ranar sunan ɗan da Auta ta haifa, kafin mata su cika gida.

Na sayi fim mai launi, na ce wannan ba hoton baƙi da fari ba ne. Ranar suna da hantsi Inna ta fito cikin farin leshi da farin mayafi, ta zauna kan kujera a jikin bangon da aka shafe da farar ƙasa saboda biki. Rana ta Sakkwato kuwa ta riga ta hau, ba sai na bayyana wa wanda ya san garin ba. Na duba allura, na saita komai daidai yadda ta nuna, na miƙa wa Malama. Sai na koma can hagu wajen randunan ruwa na tsaya, na sunkuyar da kai ina jujjuya kwalin fim, don kada Inna ta ga ina kallo ta fasa. Na ji ƙaras. Kafin in ce a ƙara ɗaya, Inna ta miƙe ta shige ɗaki.

Fim ya tafi Kaduna. Na yi ta sintiri tasha har 'yan kamasho suka san ni, in sun hango ni sai su ce ga mai hoto nan, bai iso ba. Da ya iso, a nan tasha na yage ambulan.

Leshin ya fito, kowace huda ana ƙirga ta. Mayafin ya fito har da zaren bakinsa. Bangon ma ya fito, da tsagar da ke jikinsa, da wata ƙadangaruwa da ban ma san tana wurin ba. Inda fuskar Inna take kuwa duhu ne kawai, baƙi ƙirin, ba ido, ba hanci, ba baki. Allurar nan ta ga fari ya yi yawa, ta rage haske don ta kyautata wa tufafi, ta bar mutum a duhu. Abin da ya ƙara ƙona mini rai, daga yadda mayafin ya karkata ana gane cewa ta kau da kai gefe. Na ce wato ko a ranar ma sai da ta juya.

Na kai nagatif, wato wankakken fim ɗin, Sabon Gari na ce a ƙara masa haske. Mai wanki ya ɗaga shi sama muka duba tare, wurin fuskar fayau yake kamar gilashi. Ya gwada duk da haka, abin ya fito toka-toka, fuskar dai babu. Na aika Kaduna a sake, ya dawo yadda ya tafi. Na roƙi Auta ta roƙi Inna a sake zama. Saƙon da ya dawo gajere ne: "An yi sau guda, ya isa. Ni ba ɗiyar wasa ba ta." Na ce bari in ƙyale ta ta huce, wata sallar ma rana ce. Damina na zagayowa ta kwanta ciwo, ba ta tashi ba. Allah ya jiƙanta.

Ban daina hoto ba. Kyamarori sun yi ta sauyawa a hannuna har fim ya ɓace daga kasuwa. Yanzu na yi ritaya ina zaune a Arkilla, kuma ɗiyata ta biyu, wadda ke koyarwa a makarantar kimiyya, ita ta gaji wannan ciwo. Da wayarta take ɗaukar abin da a da sai na yi gumi. Kwanakin baya ta zauna tana yi mini bayanin abin da ya maye gurbin fim, wani ɗan faranti a cikin kyamara da suke kira sensa. Ta ce na yanzu a ƙiftawa ɗaya yana ɗaukar hoto da yawa, wani don wurin haske, wani don wurin inuwa, ya haɗe su, shi ya sa farar riga da baƙar fuska suke fitowa tare. Ta ce waɗanda ke tafe ma haske za su riƙa ƙirgawa ƙwaya-ƙwaya, ko a ɗaki mai duhu za su ga mutum. Wai kuma fim ɗin zamaninmu tun asali da farar fata aka gwada shi.

Tana ta murna, ni kuwa raina sai ɓaci yake. Na ce, "To da suna ina? Sai da mai fuskar ta shige ƙasa sannan suka tuna akwai baƙaƙen mutane masu sa fararen kaya?"

Ta ce, "Baba, kawo hoton Kaka in gwada wani abu."

Na ɗauko shi daga ƙasan akwati, launinsa ya koɗe ya yi ja-ja. Ta sa shi a na'ura, ta yi ta ja tana ƙara haske, duhun nan ya ƙi ba da komai. Sai ta ce akwai wata manhaja da ke gyara tsofaffin hotuna, tana cike abin da ya ɓace. Kafin in gama gyara tabarau ta juyo mini da allon. Ga wata dattijuwa cikin leshin Inna da mayafin Inna, fuska sumul, tana kallona ido cikin ido, har da ɗan murmushi.

"Ita ce, Baba?"

Na matso kusa da allon. Na duba, na sake dubawa. Abin takaici, ban sani ba. Tsoho da jikoki, an nuna mini fuska an ce ko uwarka ce, na kasa cewa i, na kasa cewa a'a. Wani sashe na zuciyata ma so yake in ce ita ce in huta. Na ce ta tura mini a waya, na hau keke na nufi cikin gari wurin Auta, don ita ce ta yi barci a jikin Inna har ta yi aure.

Na same ta a tsakar gida, ita ma tsufa ya kama ta, gwiwa ta hana ta sakat. Bayan mun gaisa na miƙa mata wayar. Ta kai ta kusa da ido, ta nisanta, ta dawo mini da ita.

"Wagga ba Inna ba ta, Yaya. Wa ya ba ka ita?"

Na ce na'ura ce ta gyara tsohon hoton nan na ranar suna.

Ta ce, "To na'ura ta yi ƙarya. Ina zanen da ke gefen bakinta? Ina wushiryarta? Kuma ko kallon ba haka ya tafi ba. Ba Malama taka kallo ba ranan nan."

Na ce ai na sani, kau da kai ta yi, kamar kullum.

Auta ta dube ni kamar yau ta fara ganina. Ta ce, "Kau da kai ina? Kai ina ka tsaya?"

Na ce wajen randuna.

"To can ta juya. Ina bakin ɗaki da jinjiri ina ganinta. Da ta ga ka duƙar da kai, sai ta samu wuri. Ta daɗe tana dubanka, Yaya, tun daga hula har takalmi. Har Malama ta danna ba ta ɗauke ido ba. Kai ko kana can kana karatun kwalin fim."

Na ce, "Shekara da shekaru, ba ki taɓa gaya mini ba?"

Ta ce, "Na ɗauka ka gani cikin hoton."

Ban iya zama ba. Na dawo gida na tarar ɗiyata tana jira, da hoton asali a kan tebur. Na ɗauke shi na dubi karkatar mayafin nan da na yi shekaru ina jin haushinta. Kallon da na yi rayuwata ina nema yana nan a wurin, an danna a daidai lokacinsa, kuma kyamarar da na saya da ariyas ɗina ta zaɓi ta ɗauki ƙadangaruwa.

Ɗiyata ta ce a hankali, wai irin wannan ba zai ƙara faruwa da kowa ba, sensa mai zuwa ba ya barin fuska a duhu. Na ce mata Allah ya sa, na miƙa mata wayata na ce ta goge mini waccan matar.