Sunan da Goggo ba ta taɓa kira ba

Ni dai tun ina 'yar makaranta labarin soyayya bai dame ni ba. Wai ya ce mata, ta ce masa, a cika takarda da hawayen banza. Abin da ya kama ni shi ne littattafan masu kisan kai, irin waɗanda ake rubutawa a kan abin da ya faru da gaske: mutum guda ya yi ta kashe bayin Allah ɗaya bayan ɗaya, shekara da shekaru, yana gaisawa da maƙwabta lafiya lau. Wata abokiyar koyarwata 'yar Filato ce ta ɗora ni a kai. Da aka yi mata canjin wurin aiki daga Dutse, sai ta bar min kwali guda cike da su, ta ce nauyi za su yi mata a mota.

Wanda ya fi kowa tsokanata a kansu shi ne taubashina, ɗan Goggo yayar babanmu. Daga Aujara ya zo Dutse yana acaɓa, kuma gidana na Yalwawa ya mayar wurin cin abincin rana, ko an kira shi ko ba a kira shi ba. Zai yi sallama, ya tarar da ni da littafi a cinya, ya ce, "Malama mai karatun gawa, yau mutum nawa kika binne?"

Ni kuma in ce, "Saura kai, in ba ka sauke ƙafarka daga kujerata ba."

Sai ya tuntsire da dariya, ya buɗe kwano tun ban ce bismillah ba. Wasan taubasai ke nan, ba shi da linzami.

Wata damina ya ɗauki fasinja bayan la'asar, bai dawo ba. A cikin gonar gero aka sami gawarsa bayan gari, babu babur. Ba shi ne na farko ba a cikin 'yan acaɓa, ba kuma daga kansa abin ya tsaya ba. Har yau ba mu san wanda ya yi ba. Duk karatun da na yi na yadda ake bin sawun mugu bai amfana min komai ba, kuka na yi kamar kowa.

Kowa ɗin kuwa ban da Goggo. Shi ne ɗanta na fari, ita kuma mutuniyar da ce, kunyar ɗan fari ta riƙe ta gam. Ba ta taɓa goya shi a gaban mutane ba, kakarsa ce ta raine shi. Sunansa bai taɓa fitowa daga bakinta ba. "Yaron nan" take cewa, da ya girma ya koma "mai babur ɗin nan". A zaman makoki in mata suka ce mata ya haƙuri, sai ta sunkuyar da kai ta nuna ƙanwarta, ta ce, "Ai ga uwarsa can, ita za a yi wa gaisuwa." Idonta a bushe ƙamas. Tsofaffi suna ta yabo, wai kai, wannan baiwar Allah akwai kara.

Wallahi raina ya ɓaci. Kara a ina? An kashe mata ɗa, ana yaba mata don ba ta yi kuka ba! Na haɗiye dai, don ba hurumina ba ne. Amma ina gani tana ramewa, duk zuwan da na yi Aujara sai na tarar zanenta ya ƙara yi mata yawa. Ba ciwo take ba. Abin ne ya tsaya mata a ƙirji, babu hanyar fita, kuma na ji tsoron shi zai tafi da ita.

Littattafan ban bar su ba, sai dai karatun ya canja. A da labarin mugun nake bi, yadda ya taso da yadda aka kama shi. Bayan rasuwar taubashina sai na koma tsakiyar littafi, inda ake jera hotunan waɗanda aka kashe. Wannan tana dariya da rigar makaranta, wancan ya jingina da motarsa. In zauna in yi ta kallonsu har abinci ya kama a tukunya.

Da lokacin kaka ya yi aka kawo Goggo Dutse aka cire mata yanar ido, ta sauka wurina tana jinya. Da idon ya washe, komai sai ta ɗauka ta duba, har gwangwanin madara. Wata ranar Asabar da hantsi muna tsakar gida muna zagar zogale, sai ta jawo littafin da na kifa a tabarma. Ya buɗe a kan hoton wata tsohuwar Baturiya a ƙofar kotu, ta rungume hoton wani saurayi.

"Ke 'yar nan, wannan me ta riƙe?"

"Ɗanta ne, Goggo. Kashe shi aka yi."

Ta kai littafin kusa da fuska. "Na fari ne?"

"Shi kaɗai ta haifa."

"To me take yi da shi a bainar jama'a?"

Na ce mata a can in an gama shari'a, ana ba uwa dama ta tashi ta yi magana. Wannan da ta tashi, sunansa ta fara faɗa, ta maimaita, ta ce tana so kowa ya ji shi, don an yi ta kiran sunan wanda ya kashe shi, shi kuwa an mayar da shi ɗaya daga cikin gawarwaki.

"Da bakinta?"

"Da bakinta."

"Ba kunya," in ji Goggo. Ta ajiye littafin ta koma kan zogale. Na ce a raina shi ke nan, na yi ɓarin baki a banza.

Muka ci gaba da aiki, ganye yana ta taruwa a faifai. Can ta ce, "Mijinki ya fita?"

Na ce ya fita, yara ma suna Islamiyya.

"Tura ƙyauren nan."

Na tashi na tura. Kafin in juyo na ji ta kira sunan ɗanta. Da farko a hankali, sunan yana yi mata baƙunta a baki. Sai ta sake, wannan karon da ƙarfi, ta ja ƙarshen yadda ake kiran yaro daga bayan gida in an kwashe tuwo. Ta karkata kai wajen ƙofa. Wallahi sauraro take. Ni ma na kasa motsi, ina jiran in ji ƙarar babur.

Ba abin da muka ji sai kaji a gidan maƙwabta.

"Ni na zaɓa masa sunan nan," ta ce. "A ɓoye na gaya wa kakarsa, aka ce ita ta zaɓa. Cewa nake in na tsufa, kunya ta ragu, zan kira shi sau ɗaya ya amsa min."

Sannan kukan ya zo. Na riƙe ta, zogale ya zube a ƙasa, ban ce mata ta yi haƙuri ba.