Ankon Da Muka Yi Wa Kamfanin Yashi

Ko ƙasa ta rufe min ido, ina jin da kunyar ranar nan za a binne ni.

A McLeansville, can Amurka inda muke zaune, akwai wani dattijo baƙin Ba'amurke da muke kira Baba. Shi ya ara mana fili a bayan gidansa, mu matan zumunta na cocinmu, muna shuka yakuwa da gauta da kuɓewa, ko sisi bai taɓa karɓa ba. Da ruwan rijiyar da kakansa ya haƙa muke ban-ruwa. Wuri ne mai itatuwa da rafi, in na je sai in ga kamar ina gida Zonkwa.

Wata Asabar muka tarar da shi jugum. Ya ce wani kamfani na son haƙar yashi a gonar da ke maƙwabtaka da shi, irin wanda masu haƙar mai ke saye. Tsoronsa rijiyar ta ƙafe, ga ƙura, ga tifofi. Za a yi mitin da hukuma, yana roƙo mu zo a ga yana da jama'a.

Na bugi ƙirji na ce, “Baba, bar mana wannan. Za ka ga aiki.”

To mu dai kun san mu, ba ma fita taro ba anko. Ana cikin tunanin kuɗin atamfa, sai na ci karo da wata rumfa a kasuwar manoma ana raba riguna kyauta, korra shar, da hoton bishiya da tudu a ƙirji. Na ce wa zuciyata, ai wannan rigar masu kare daji ce. Na tambayi saurayin ko zai ba ni na ƙungiya guda, jikinsa har rawa yake ya ɗora min kwali a mota. Ni da nake karanta takardar magani kullum a wurin aiki, ban tsaya duba ɗan rubutun da ke bayan rigar ba. Banza ta rufe min ido.

Ranar mitin muka shiga a jere, riga koriya, zani, ɗauri ya tashi sama. Na hango Baba a gaba na ɗaga masa hannu, ya kalle ni ya sunkuyar da kai. Maƙwabtansa kuwa sai harara. Ban gane ba sai da wakilin kamfanin ya miƙe, da irin rigarmu a ƙarƙashin kwat ɗinsa. Ya nuna mu ya ce a duba, har matan da ke noma a filin mai ƙorafin suna goyon bayansu.

Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige. Shugabarmu, wata Mama 'yar Jos, ta matso ta ce a kunnena, “Ke, wa ya ba ki rigunan nan?”

Ba ta jira amsa ba. Ta warware ɗankwalinta ta yafa a ƙirji, mu ma duk muka bi. Ta nemi izinin magana, ta ce rigunan kuskure ne, mu na Baba ne. Ta ba su labarin rafin garinsu, yadda tifofi suka kwashe yashinsa har rijiyoyi suka koma ramuka, mata suna tafiya mai nisa neman ruwa. Daga ƙarshe aka ɗage yanke hukunci, amma hoton da ya yi ta yawo a wayoyi namu ne, muna murmushi cikin rigar kamfani.

Na daɗe ban taka gonar ba, yakuwata har ta yi fure. Da na daure na je, na durƙusa har ƙasa. Baba ya ce in tashi, gwiwa ba ta ban-ruwa. Ya ce ba rigar ce ta ƙona masa rai ba, hannun da na ɗaga masa ina dariya ne, ya ɗauka na sayar da shi ne kuma ina murna. Sai ya tambaya ko rigunan suna nan.

Yanzu haka suna jikin mutum-mutumin da ke korar tsuntsu a gonar, kullum sai na wuce su kafin in kai rijiya. Araha dai ba ta ado. Tun ranar, ko alawa aka miƙo min kyauta, sai na juya bayanta na ga wanda ya aiko.