Shirun Lazhar a Kabarin Sidi Ganim

Lazhar ya girme ni da kaɗan, gidansu na kallon namu a ƙauyenmu da ke kan duwatsun Ain Daraham a ƙasar Tunisiya. Tare muka yi kiwon awaki, kuma shi ya shigar da ni aikin kora. Idan sanyi ya shigo, masu hali sukan zo daga Tunis farautar aladen daji. A jera su da bindigogi a bakin kwari, mu kuma mu shiga kurmi da karnuka ta ɗaya gefen muna ihu, muna kaɗa gwangwani, mu koro musu dabbar. Ba ma ci, ba ma taɓawa, amma muna son a rage su, don su ke tone mana dankali.

Shi ne shugaban 'yan kora. Siriri ne, kullum cikin tari, amma in ya zagi alade har wancan dutsen ake ji. Abu ɗaya yake gaya wa sabon shiga: a kurmi kada bakinka ya rufu. Mai bindiga ba ya ganinka, ganye kawai yake gani yana motsi, muryarka ce ke shaida masa mutum ne.

Wuri ɗaya muke shiru. A tsakiyar kurmin akwai kabarin waliyyi Sidi Ganim, ɗan ɗaki mai farar ƙubba. Tun kakanni ba a ɗaga murya kusa da shi, balle zagi. Mukan sauke gwangwani, mu yi Fatiha a zuci, mu wuce. Shi ya sa ba a taɓa tsayar da mai bindiga a wajen.

Ran nan Si Munsif, tsohon baƙonmu, ya zo da abokansa. A cikinsu har da Si Rauf, mai kantin magani, wanda bai taɓa shiga daji ba. Muna shan shayi Lazhar ya dubi ƙafarsa.

"Si Rauf, wannan takalmin na biki ne ko na daji?"

"Kai dai koro min aladen, baffa, ka ga aiki."

"Zan koro. In ka ga haƙoransa kada ka ɗare min wuya, bayana ciwo yake."

Aka yi dariya. Lazhar da kansa ya kai kowa mazauninsa, ya ce kada wanda ya motsa sai an busa ƙaho. Babu wanda ya yi wa baƙin zancen kabarin. Mu abin ya zame mana kamar numfashi, ba mu ɗauka abin faɗa ba ne.

Mun fara kora ke nan ruwa ya sauko, gajimare ya kwanta a kan itatuwa. Ni ne a ƙarshen layi, can saman tudu. Da gajimaren ya ɗan yaye na hango ƙubbar a ƙasa, na kuma hango jar rigar Si Rauf a jikin bangonta. Ruwa ya dame shi, ya bar mazauninsa ya zo ya fake. Bakin bindigarsa na kallon kurmi.

Na kasa kunne. Ina jin muryar Lazhar tana gangarowa wajen, yana cewa, "Fito, ɗan banza mai dogon baki, fito ka gai da baƙi." Na ƙwala masa kira, na ƙwala wa Si Rauf. Amma kowa ihu yake, karnuka na haushi, ihuna ya shige cikin na mutane. Ƙahon kuma na wuyan Lazhar.

Na yar da gwangwani na bi gangare ina zamewa a taɓo. Ina roƙon Allah ya sa yau ɗaya Lazhar ya manta da ladabi, ya ci gaba da zaginsa. Sai muryar ta ɗauke. Ban taɓa jin tsoron shiru ba sai ranar. Ina gudu ina saurare, na san yana tafe a cikin ganye, bakinsa na motsi.

Bindiga ta tashi.

Na same shi kwance, jini na ɓulɓulowa daga cinyarsa. Na ɗaure da rawanina ina ta kururuwa a zo. Ya riƙe hannuna.

"Rage murya, Mauludi. Ka san inda kake."

Muka sa shi a bargo muka nufi mota. Si Rauf ya kama kusurwa ɗaya, yana ta cewa ganye ya gani, bai ji kowa ba.

"Riƙe da kyau, ranka ya daɗe," in ji Lazhar. "Kada ka ƙara min da faɗuwa."

A mota kansa na bisa cinyata. Hannunsa ya yi sanyi, na cusa shi cikin rigata. Ya ce in abin ya zo, ni zan gaya wa matarsa Mabruka, kada a aika baƙo. Na ce ya daina zancen banza, da ƙafarsa zai koma. Ba mu kai asibitin garin Janduba ba ya cika, da kalmar shahada a bakinsa. Allah ya jiƙan ɗan'uwana.

Da la'asar na hau tudun gidansa, karnukansa na biye da ni. Mabruka na gindin tanda tana gasa burodi. Ta dubi karnukan, ta dube ni, ta leƙa bayana. Sannan ta zauna a ƙasa da ƙullun a hannunta.