Gaisuwar Malam Sa'idu a Cikin Rahoto

Har na bar aiki ban manta da ranar da aka kawo ordinater, wato kwamfuta, na farko biro ɗinmu, ofishin aikin gona na Madawa ba, wajen ƙarshen shekarun tamanin. Lokacin ni ƙaramar sakatare ce, ban daɗe da fitowa lakwal, wato makaranta, ba. Babba a kaina shi ne Malam Sa'idu, mutumin Galma, wanda ya yi furfura a kan tsohon keken rubutu. Abu biyu yake taƙama da su: ba ya duban mashin in yana bugu, idonsa na kan takardar da yake kwafa, kuma ba a shigo masa ya yi gaisuwar tsaitsaye.

Tsarin aikin shi ne shef, shugaban biro ɗinmu Mushe Umaru, ya rubuta rahoto da hannu, Malam ya buga, ni in fitar a takarda in kai a sa hannu. Tun rahoton farko shef ya kira mu. Ana tsakiyar bayanin irin gero, harafin "a" ya tsinke da gudu har layi uku. Can ƙasa "n" ya cinye rabin shafi.

"Ranka shi daɗe," in ji Malam, "mashin ɗin ga in'ina gare shi."

Aka kirawo mai gyara daga Yamai. Ya ciccire maɓallan allon bugun, ya hure, ya goge, ya buga da kansa, lafiya lau. Don kore shakka ya sa sabon allo. Ina jin motarsa ba ta kai Ƙonni ba "r" ya ɓalle. Ni kuwa in na zauna na buga, ko harafi guda bai ƙaruwa.

Nan shef ya yanke hukunci: in rahoto na gaba ya fito haka, Malam ya koma Buza tsaron magaza, ɗakin ajiyar kaya, ni in hau kujerarsa. Wallahi ban ji daɗi ba. Malam ne ya koya mini aiki, iyalinsa duk suna Madawa, ga shi ya fara ramewa.

Washegari na jawo kujera na zauna bayansa, na ce koyo nake. Yana bugu tsaf, sai ga wani dattijo ya yi sallama. Malam ya juya, ya miƙa hannun dama.

"Maraba, maraba! Ina kwana? Ina gida? Ina ɗiya? Ina gajiyar hanya? Ruwa ya sauka wajenku?"

Na dubi hannun hagu. Yatsa na danne da harafin da ya tsaya a kai. Ashe haka ya saba tun zamanin keke, ya riƙe harafin ƙarshe don kada wurin ya ɓace masa. Keke ya buga sau ɗaya ya jira. Wannan kuwa muddin kana danne, rubutu yake.

"Baba," na ce, "ɗaga yatsanka."

Muka kwashi tsofaffin takardun muka kai wa shef, na yi bayani. Malam ya sa tabarau ya shiga gane mutanensa.

"Wagga 'yar gajera planto na, ɗan aiken biro. Layi ukkun ga mai gari na. Rabin shahin ga kau surukina na, da yaz zo daga Urno."

Shef ya yi dariya har da hawaye. Sai kuma ya ɗaure fuska, ya yi ta juya takardun.

"To ni da ka shigowa kullum, ina tawa? Ko ta planto ban kai ba?"

Na ce a raina shi ke nan, mun gyara mashin mun ɓata Malam.

"Ranka shi daɗe," in ji Malam, "kai in ka shigo, tsaye nika tashi. Wane hannu za ya saura bisa mashin?"

Shef ya gyara zaman hula, ya ce mu koma bakin aiki. Ba a sake ambaton Buza ba.

Maganin da muka yi mai sauƙi ne: in baƙo ya shigo, Malam ya dafa ƙirji da hannun hagu. Mutane ma suka ce ladabinsa ya ƙaru.

Ku yaran yanzu, abin da na koya ke nan: kafin ku kwance mashin, ku zauna ku kalli mai aiki da shi. Takardar surukin nan tana wajena. Tun da Malam ya rasu ban sake ganin wanda ya gaida mutum har rabin shafi ba.