Tukunyar Jumai a Bakin Iyaka

Duk manomin doya daga Ashige zuwa Assakio ya san Jumai Mai Tukunya. Ba ta da gona ko taki ɗaya, amma tun tana amarya take dafa wa 'yan ƙwadago abinci a gonar marigayi Alhaji Siddiq. Da ruwan farko ya sauka, samari kan ɓullo daga ƙauyuka da galma a kafaɗa don tara tulin ƙasar da ake shuka doya, kuma kafin su tambayi nawa ake biya sai sun tambayi wa ke girki. In aka ce Jumai ce, magana ta ƙare. Tana sanin wanda ba ya cin yaji da wanda matarsa ta haihu, kuma da sunansa take kiran kowa in za ta miƙa masa sakwara.

Da Alhaji ya rasu, gonar ta faɗa hannun ɗansa Luqman, mai shagon kayan mashin a cikin Lafia. Shi kuwa gani yake ya fi uban nasa dabara. Ya sa aka ɗinka huluna masu sunan gonar, ya raba wa leburori, ya ce wannan ne zai sa musu ƙaimi. Abincin rana kuma burodi da fiyawota. Da Jumai ta iso da itace a ka, a gaban mazan nan ya ce mata, "Baba, gona ce nan, ba gidan biki ba. Kwashe tarkacenki."

Tarkace! Tukunyar da ta ciyar da shi kansa yana yawo ba wando. Jumai ta kwashe kayanta, ta rantse a ranta sai ya gane kurensa.

Ta jira har sama ta yi abin da ake jira, ƙasa ta yi laushi, irin doyar Luqman ya fara tsiro a rumfa yana neman a binne shi. A irin waɗannan kwanakin, wanda bai tara tuli ba ya yi asarar shekara. Sai ta je wurin Tyav, wanda gonarsa ke maƙwabtaka da ta Luqman, ta ce za ta dafa wa ma'aikatansa, ladanta kawai ya bar ta ta zaɓi inda za ta kafa murhu. Ta zaɓi bakin iyaka, ta inda iska ke kaɗawa zuwa gonar Luqman, ta zuba daddawa da busasshen kifi a miyar agushi ba tausayi.

Ortese, babban leburorin Luqman, shi ya fara tsallakowa, da hular a kansa. "Mama," in ji shi, "wannan hula ba ya shiga ciki fa." Ta cika masa kwano. Kafin azahar sauran sun biyo shi, washegari kuma a gonar Tyav suka yi sammako.

Luqman ya ƙara kuɗin tuli, ya aika garin Doma neman wasu leburorin. Waɗanda suka zo ma hanci gare su. Rana ta buɗe, ƙasa ta fara tauri, irinsa na yanƙwanewa. Ranar da ya gaji, ya tako har murhun, ya durƙusa.

"Baba, don girman mahaifina, ki dawo. Ko gobe."

Jumai ta ci gaba da kirɓa sakwara, daɗi har cikin ƙashinta. Ta ji an ambaci marigayin, ta kuma ji tausayinsa, amma ba na ɗan ba.

"Mahaifinka na yi wa aiki, kuma mun rabu lafiya," ta ce. "Gonar Tyav za mu gama ranar Asabar, daga nan sai gonar Ashemi, ya riga ya kama mu, bayansa Ya'akubu. In ka ga dama ka shiga layi. Ina jin zuwa kaka za mu iso kanka."